Mai Rabin Rana

Tun suna jami'a aka laƙaba mata Rula, saboda tafiyarta a miƙe take sambal, maganarta kuma ba ta da kwana. Sunan ya bi ta har wurin aiki. Ƙananan ma'aikata suna ce mata Anti Rula, leburori a wurin gini suna ce mata Madam. Oga kuwa, mai kamfanin zanen gine-ginen da take wa aiki, in yana cikin nishaɗi "Rularmu" yake cewa, in ransa a ɓace yake sai ka ji, "Akitek, zo mana."

Ofishin yana hawa na biyu, a saman wani shagon tayoyi, shi ya sa warin roba ba ya barin matakala. Dogon ɗaki ne mai tebura jere biyu, da ƙatuwar firinta a ƙurya wadda sai ta yi nishi kafin ta tofo takarda, da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga cikin tsohon bokitin fenti. Shekaru da yawa ita kaɗai ce mace a cikin masu zane. Banɗakin mata ma da can ma'ajiyar tsofaffin taswirori ne, sai da ta gaji da roƙo ta zo wata Asabar ta kwashe su da hannunta ta jibge a ƙofar Oga. Ya yi dariya ya ce ai magana kawai za ta yi. Ta ce ta yi, har bakinta ya gaji.

Abin da ke ci mata rai ya wuce banɗaki. A ajinsu na jami'a mata sun kusa rabi. Yanzu in ta je taron ƙungiyar masu zanen gine-gine ta waiga, da yatsun hannu take ƙirga su. Wasu sun koma koyarwa, wasu sayar da labule, wasu kuwa shiru kawai, ko labarinsu ba a ji. Ita da wasu 'yan tsiraru suka kafa reshen mata. Ba su da ofis, sai suke haɗuwa ƙarshen wata a ajin wata firamare da ƙanwar ɗayarsu ke shugabanta, manyan mata zaune kan kujerun yara, gwiwa ta kusa taɓa haɓa. Buƙatarsu ba ta da yawa: macen da haihuwa ko jinya ta fitar daga aiki a bar mata ƙofar dawowa, kuma kamfanoni su yarda da aikin rabin rana ga wadda ba za ta iya yini ba. Duk shekara su kai maganar babban taro, duk shekara a tafa musu a ce za a duba.

A asibiti ta gamu da Maman Biyu. Rula ta kai mahaifiyarta gashin gwiwa, tana zaune a benci tana jira, sai ga wata mata tana hawo matakala da ƙaton yaro a bayanta, ƙafafunsa suna reto har wajen gwiwoyinta. Ta sauke shi a benci, ta dafa bango tana mai da numfashi, sannan ta ɗago.

"Anti Rula? Ke ce kuwa?"

Sai da Rula ta ƙura mata ido kafin ta gane ta. Aji biyu Rula ta ba ta a jami'a. Ita Maman Biyu tsara birane ta karanta, kuma zanenta na kammala karatu ya daɗe manne a bangon sashensu, malamai suna nuna wa 'yan baya. Bayan aure ta ɗan taɓa aiki, sai ta haifi tagwaye, mace da namiji. Macen ta tashi garau. Namijin ya sha wuya wajen haihuwa, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Direba suke ce masa, don duk murfin tukunyar da ya samu sitiyari ne.

"To, aikin fa?" in ji Rula.

"Ga aikin nan zaune kusa da ke," ta ce, tana gyara wa yaron takalmi. Ta yi 'yar dariya. "Hannun dai yana ƙaiƙayi, Anti. In ina jiran layi sai in ga ina rushe matakalar asibitin nan a kaina ina sake ta."

Washegari Rula ta shiga wurin Oga. Dattijo ne mai son a yabe shi, ba mugu ba ne, amma ba ya son abin da zai ta da ƙura a ofis. Ya saurare ta yana juya shayinsa da cokali.

"Rabin rana? Akitek, gini bai san rabin rana ba."

"Ranka ya daɗe, ba bulo za ta ɗora ba. Ta zo da safe, da azahar ta tafi, abin da ya rage ta ƙarasa a gida. Ranakun asibiti ta zo da yamma. In aikinta bai yi ba, ni za ka kama."

Ya kurɓi shayin. Hukumar raya birni ta sa gasar sake fasalin tsohuwar tashar mota ta tsakiyar gari, kuma ba su da mai tsara birane ko ɗaya. Ya ce a gwada.

Satin farko Maman Biyu ba ta zauna a tebur ba. Ta ja Rula suka yi ta yawo a tashar, tsakanin hayaƙin motoci da ihun masu lodi. Ta zauna da mata masu talla a kan kwali tana tambayarsu ina suke kama ruwa. Suka ce ba sa shan ruwa ne sai sun kusa tashi, don banɗaki ɗaya ne a bayan gareji, ƙofarsa ba sakata. Ta tsaya bakin kwatar da ta raba tashar da titi tana kallon wani tsoho mai sanda yana neman inda zai tsallaka. Ta bi lungun da mata ke bi su fita bakin hanya bayan magariba, ta ga ko kwan fitila ɗaya babu.

Da ta zauna zane, ɗakin yakan yi mata shiru ko ana surutu. Ta fitar da gangara mai sauƙin hawa daga titi har wurin jiran mota, yadda mai keken guragu zai tura kansa ba tare da roƙon kowa ba. Ta sa banɗakunan mata sun fi na maza yawa, ta sa ɗakin shayarwa mai taga kusa da su, da bencina a inuwa, da fitilu a lungun nan. Rula ta zana rufin da ginshiƙan, su biyun suna gardama a kan kowane kamu.

Da azahar in Maman Biyu ta rufe kwamfuta ta rataya jaka, sai Dogo, wanda teburinsa ke bakin ƙofa, ya miƙe ƙafa ya ce, "Mai rabin rana ta tashi. A gaida gida, mu bayin Allah muna nan." A yi dariya. Ita ma takan yi, ta ce, "Dogo, Allah ya ba ka tagwaye." Rula ta san Dogo da sauran, yawancin yammacinsu a waya yake ƙarewa, jira suke Oga ya fita su bi bayansa. Amma zama a kujera shi ake gani.

Suka ci gasar. Oga ya sa aka shigo da lemo katan guda, ya rungumi Dogo, ya ɗaga wa matan hannu yana cewa, "Rularmu! Rularmu da mutuniyarta!" Daga nan Rula ba ta zuwa taro ba tare da Maman Biyu ba. A ajin firamare, a gaban shugabannin ƙungiya, har a wata hira da ɗalibai, sai ta nuna ta ta ce, "Ga hujja nan zaune. Shekaru tana gida tana jinyar ɗa, a rabin rana ta zana tashar da garin nan kaf zai bi." Maman Biyu ta sunkuyar da kai tana murmushi, tana murza zoben hannunta.

Shekara ta juyo da wahala. Hukumar ta yi ta jan ƙafa a kan fara ginin, masu gidajen da aka zana wa suka dakatar da aiki, firinta takan yini ba ta yi nishi ba. Wata safiya Oga ya leƙo ya ce, "Akitek, zo mana."

Ya rufe ƙofa da kansa, abin da ba ya yi. Ya fara da mai daɗin. Masu ba da rancen ginin tashar sun fi son kamfanin da ke da mace a cikin masu shi. Shi ma, in ji shi, ya daɗe yana tunanin haka. Za a ba ta kaso a kamfani, sunanta ya hau allon da ke ƙofa, ta riƙe harkar ma'aikata gaba ɗaya.

"Kin cancanta tun tuni," ya ce.

Rula ba ta yi godiya ba tukuna, don ta ga bai gama juya cokalin ba.

"Sai dai dole in rage mutane. Kuma ba zan iya sallamar mai yini in bar mai rabin rana ba. Yaran nan suna gunaguni. Daga wata mai kamawa kowa ya zo da safe ya tashi da yamma."

"Ranka ya daɗe, aikin da ke riƙe da ofishin nan a rabin rana aka zana shi."

"Na sani."

"To korarta ke nan."

"Ban kori kowa ba. Ta zo kamar kowa, kujerarta tana nan." Ya ajiye cokalin. "Kuma tunda ke za ki riƙe ma'aikata, daga bakinki ya kamata ta ji."

Ta yi ta jayayya da shi. Ta kawo shawarar a rage mata nata albashin, ya ce ba maganar albashi ba ce, maganar zaman lafiyar ofis ce. Ta ce a bar wa Maman Biyu ranakun asibiti kawai, ya ce gobe wani zai zo da ranakun kai yara makaranta. Da ta tashi fita ya ce ta yi tunani, amma kada ta daɗe.

Da yamma ta tarar da maigidanta yana guga a falo, mahaifiyarta kuma ta miƙe ƙafa a kujera tana shafa man zafi a gwiwa. Ta zayyana musu komai a tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba.

Maigidan ya jingine dutsen guga. "In kin ƙi, wa za a ba?"

"Dogo, ko a nemo wata daga waje a ɗora sunanta."

"Ita Maman Biyun za ta tsira in kin ƙi?"

"A'a."

"To in kin ƙi an rasa biyu, in kin karɓa an rasa ɗaya."

"Kai komai lissafi."

"Malamin lissafi kika aura, ban ɓoye miki ba."

Ba ta yi dariya ba. Mahaifiyarta ta rufe kwalbar man ta ce, "Ke tun kina yarinya komai sai kin miƙar da shi. Ki je ki ji ta bakin yarinyar nan tukuna. Kuna ta yanke mata, ba wanda ya tambaye ta."

Washegari da azahar ta bi Maman Biyu zuwa matakala. Ba ta kai ga buɗe baki ba ɗayar ta riga ta.

"Na ji, Anti. Dogo ba ya iya riƙe magana. Ki karɓa."

"Ban ce zan karɓa ba."

"Ki karɓa. In ba ki shiga ɗakin masu kamfanin ba, wa zai tsaya wa zanen tashar in 'yan kwangila sun fara yanka?" Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ni kuma zan gwada yinin. Kakarsu za ta riƙe mini Direba. Asibitin in mayar da shi Asabar, in sun yarda."

"Zan kai maganar ƙungiya. Wallahi sai kowa ya ji abin da aka yi miki."

Maman Biyu ta dube ta, irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba. "Don Allah, Anti, kada ki kai. Kin yi mini abin da ba wanda ya yi mini, ba zan manta ba. Amma duk taron da kika kai ni, sai in dawo gida in ji kamar an buɗe mini ɗaki jama'a suna leƙe. Kowa ya san ciwon ɗana, kowa ya san shekarun da na yi a zaune. Har Dogo a bakinki ya ji. Ni aiki na zo yi. Ban zo in zama hujja ba."

Rula ta dafa ƙarfen matakala. A ƙasa mai shagon tayoyi yana ta buga ƙarfe.

"Ban sani ba," in ji Rula.

"Na san ba ki sani ba. Shi ya sa ban faɗa ba." Ta fara sauka, sannan ta waigo. "Ki karɓa dai."

Ta karɓa. Aka kira mai fenti ya ƙara sunanta a ƙasan na Oga. Aka sallami mutum biyu daga cikin masu zane da direban ofis, kuma ita ta gaya musu, ɗaya bayan ɗaya, a sabon ɗakin da aka ware mata da katako.

Maman Biyu ta fara yini. Takan iso da gumi, ta zauna, wayarta a gefen kwamfuta fuska sama. Dogo ya daina tsokana, har wata rana ya ajiye mata lemo a tebur ba tare da ya ce komai ba. Asibitin ba su yarda da Asabar ba, sashen gashi ba ya buɗewa. Mijinta ya kai yaron sau ɗaya ko biyu, wurin aikinsa suka ɗaure masa fuska. Kakar yaran kuwa, uwar mijin, tsohuwa ce mai ciwon baya, ba ta iya ɗaga shi. Sati ya bi sati ba a je ba.

Wata ranar Laraba bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Maman Biyu ta ɗauka, ta miƙe tsaye, ta fita ko kwamfuta ba ta kashe ba. Daga baya aka ji abin da ya faru. Direba ya so zuwa banɗaki, kakar ta ɗan rintsa, bai so ya tashe ta ba, ya zamo daga kujera ya bugi goshi da gefen tebur. Tsohuwar ta yi iya yinta ta kasa ɗaga shi, suka zauna a ƙasa tare suna kuka har 'yar'uwarsa ta dawo daga makaranta ta kira maƙwabta. Ciwon goshin ɗinki kaɗan aka yi masa. Amma likitar da ta duba ƙafafun ta ce sun fara sandarewa, abin da aka samu a shekara guda ya koma baya.

Ran Litinin Maman Biyu ta zo da jakar leda ta kwashe kofinta da fensiranta da hoton tagwayen. Ta bi tebura tana sallama. Rula ta fito daga ɗakin katako ta tsaya.

"Zan riƙa turo miki aiki gida," ta ce. "Na yi magana da Oga, ya ce ba laifi."

"To, Anti. Na gode."

Oga ya ce ba laifi ɗin kuwa, amma duk lokacin da Rula ta kawo aikin da za a tura, sai ya ce ga yara nan zaune ana biyansu ba abin yi. Baƙo ya taɓa tambayarsa ina mai tsara biranen nan tasu, ya girgiza kai cikin jimami ya ce, "Lalurar gida. Mu ba mu kori kowa ba."

Da aka fara ginin tashar, yankan ya zo yadda Maman Biyu ta faɗa. Ɗan kwangila ya ce doguwar gangarar ta ci filin shaguna, a gajarta ta. Wakilin hukuma ya ce ɗakin shayarwa ba ya kawo haya. Rula ta riƙa zuwa da hular kwano a ka, ta tsaya cikin ƙurar siminti tana jayayya da maza shida bakwai, har suka sa mata suna Madam A'a. Ta buga tebur a taro, ta fita, aka lallaso ta ta dawo. Oga ya ja ta gefe ya tuna mata cewa yanzu kamfanin nata ne ita ma, in aikin ya suɓuce mutanen da suka rage ma gida za su tafi. Ta ceci fitilun lungu. Ta ceci rabin banɗakunan mata. Gangarar ta zama gajera mai tsini, wadda ko mai lafiya sai ya dafa ƙarfe. Ɗakin shayarwa aka fasa masa ƙofa ta waje aka ba mai sayar da waya. A ƙasan kowace taswira da aka canza, sa hannunta ne.

A babban taron ƙungiya na shekarar aka kira ta gaba aka ba ta allon yabo mai gilashi, a matsayin macen da ta kai ga mallakar kamfani da guminta. 'Yan mata ɗalibai suka miƙe suna tafi, wata har da hawaye. Aka miƙa mata abin magana. Ta yi niyyar faɗin komai, sai ta tuna maganar Maman Biyu a matakala, ta haɗiye. Ta ce kawai har yanzu reshen mata yana jiran amsa a kan aikin rabin rana, kuma kowace shekara da aka ɗage, akwai wadda ke kwashe fensiranta ta tafi gida. Shugaban taro ya ce magana ce mai muhimmanci ƙwarai, ya miƙa ta ga kwamiti.

A bakin ƙofa wata ɗaliba ta tare ta. "Anti, ina Maman Biyu? Saboda ita na koma tsara birane."

"Tana gida," in ji Rula. "Tana lafiya."

Allon yabon ya kwana biyu a bayan mota kafin ta tuna da shi.

Sai da tashar ta buɗe sannan ta iya zuwa gidan Maman Biyu. Hawa na uku ne a wani dogon bene mai siririyar matakala, bango duk zanen yara. Ta zo da safe ba ta sanar ba, ta tarar suna shirin asibiti. Falon ƙarami ne, tsaf. A kan teburin cin abinci akwai tsohuwar kwamfuta a buɗe, da zanen gida mai ɗaki uku a fuskarta.

"Wani magini ne ke kawo mini," in ji Maman Biyu, da ta ga inda idonta ya tafi. "Ya kai wa wani ya buga hatimi, a ce shi ya zana. Ba ruwana. Ina yi in yara sun yi barcin rana."

Direba yana zaune a tabarma an sa masa takalman ƙarfe, tabo a goshinsa. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta ko motarta mai giya ce ko mai tafiya da kanta. Ta ce mai giya ce. Ya ce ita ce mota.

Rula ta zauna a bakin kujera. Ta zo da magana a bakinta, wadda ta yi ta juyawa a hanya. "Ina tunanin in bar wurin Oga. Mu buɗe namu, ni da ke. Ko ɗaki ɗaya ne. Ki yi aiki lokacin da kika samu."

Maman Biyu tana cusa ruwa da tawul a jaka, ba ta ɗago ba. "Da wane aikin za mu fara, Anti? Wa zai ba mu? Ke ma kin san sai an shekara ana bin ofisoshi, kuma ni ba ni da ƙafar bin ofis." Ta ja zif. "Ki zauna inda kike. Wata za ta zo bayana, gara ta tarar da ke a ɗakin."

"Na zauna a ɗakin, kin ga abin da na iya."

"An ce fitilun suna nan."

"Suna nan."

"To."

Maman Biyu ta durƙusa ta juya wa yaron baya, ya kama wuyanta. Ya yi nauyi yanzu, sai da ta dafa kujera kafin ta miƙe.

"Bari in kai ku," in ji Rula. "Kawo jakar."

Suka sauka a hankali, Rula a gaba tana tafiya da baya-baya, hannunta ɗaya a ƙarƙashin takalman ƙarfen tana rage nauyi. A kowane hawa sai sun tsaya Maman Biyu ta huta. A ƙasa suka sa shi a kujerar gaba don ya ga yadda ake sa giya, uwar ta zauna a baya ta jingina kai ta rufe ido.

Hanyar asibiti mafi kusa ta gaban tashar take bi. Da suka kusa shataletale, sabon rufin ya fara bayyana ta saman motoci, fari, yana ƙyalli. Direba ya nuna da yatsa ya ce, "Umma, dubi wani ƙaton gini!"

Maman Biyu ta buɗe ido, ta dubi bayan kujera.

"Anti, bi ta bayan kasuwa," ta ce. "Nan akwai cunkoso."

Titin a buɗe yake, motoci suna wucewa abinsu. Rula ta kunna sigina ta karya hagu. Hanyar bayan kasuwa duk ramuka ce, ta ninka ɗayar tsawo, yaron yana ta dariya in motar ta faɗa rami. Suka isa a makare, an riga an kira layinsu an wuce. Rula ta kira ofis ta ce ba za ta shigo da safe ba, sannan ta zauna tare da su a benci suna jiran a sake kira.